Baƙaƙen Layuka a Motar Nura

Aikin nan wahala ne, wanda bai yi shi ba ba zai gane ba. Ƙafa a ruwa tun safe, sabulu ya cinye maka tsakanin yatsu, baya ya ƙage, a ƙarshe mai mota ya zagayo ya nuna maka ɗigo ɗaya a ƙasan madubi ya ce ba ka iya ba. Duk na saba. Amma a tsawon zamana ina wankin mota a bakin titin da ya tashi daga Kano ya nufi Tofa, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wata Alhamis ta watan Agusta, daminar bara waccan. Shugaban ƙungiyarmu ta masu wankin mota ne ya ce kowane tsohon hannu ya rubuta wa sababbi abu ɗaya da ya gani da idonsa. Ni ban yi nisa a boko ba, ku karɓa yadda ya zo.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, bari in fara da yadda abin yake. Mai wanki yana farawa ne daga ɗibar ruwa. In ya jure, a ba shi taya da ƙasan mota. Daga nan a ba shi ciki, kujeru da shimfiɗar ƙafa. Sai an yarda da hannunsa sannan yake taɓa jikin mota, na ƙarshe kuma shi ne folish, man nan da ake shafa wa fenti a goge ya yi ƙyalli. A wajenmu, folish shi ne sa hannun mai wanki. Mota in ba ta ɗauki ido ba, ba a wanke ta ba. Haka aka koya min, haka na koya wa wasu, haka kuma masu mota suka sani.

Abu na biyu, mai wanki ba shi da komai sai wuri da ruwa. Bokiti da soso kowa zai iya saya. Ni wurina a filin Alhaji Sale yake, dillalin hatsi, dattijon garinmu. Shi ya haƙa bohol a gefen rumbunansa, ya ja min famfo har bakin titi, ya ce in yi sana'ata, lada yake nema. Ba takarda tsakaninmu, magana ce ta baki. Da wannan famfon na ciyar da gidana, da shi na aurar da 'yata ta fari. Kusa da ni akwai Bukar mai faci, wanda kakansa ya zo daga Barno, shi kuwa ko kalma ɗaya ta Barbarci bai iya ba, sai surutu da Kananci.

Alhaji yana da ɗa, Nura, yana aiki a Kudu wajen haƙar mai, a kan ruwa. In ya shiga aiki sai a yi makonni ba a samunsa a waya. Ya sayi wata farar mota, ya kai ta birni aka liƙa mata layuka biyu baƙaƙe masu faɗi, tun daga hancin bonet, su bi ta rufi, su sauka a but. Ba fenti ba ne, wata irin leda ce mai gam a bayanta, kamar sitika. Masu liƙa ta suna ce mata mat. Baƙi ce ƙirin amma ba ta ƙyalli ko kaɗan, kamar gawayi. Rana ta doke ta, ta shanye hasken ta yi shiru.

Ranar da ya fara kawo min ita, na wanke na ɗauko gwangwanin folish, sai ya riƙe min hannu.

"Baba Garba, ko'ina ka sa, ban da baƙin nan."

Na ce, "To ai shi ya fi buƙata. Dubi yadda ya dushe."

Ya yi dariya ya ce dushewar ya saya. Ya zaunar da ni a kan benci ya yi min bayani kamar yadda masu liƙawar suka yi masa. Fuskar ledar ba sumul take ba, tana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, su ne suke hana ta ƙyalli. In folish ya shiga ramukan ya cike su, ba ya fita. Wani wuri ya yi maiƙo, wani wuri ya ƙi, ta zama dabbare-dabbare, kuma ba gyara sai ɓarewa. Haka in ka dirje ta da ƙarfi, wurin zai yi santsi ya haska, shi ke nan. Ba a sa mata garin sabulun wanki, ba buroshi, ba fetur ko kananzir da muke cire kwalta da su. Ya ba ni kwalbar sabulun ruwa marar ƙarfi da tawul masu laushi, ya ce na motarsa ne kaɗai. Da zai koma aiki a farkon damina ya ajiye motar a gidan mahaifinsa, ya tsaya a wajena ya ce, "Baba Garba, in an kawo ta ba na nan, amanar layin nan tana hannunka." Na ce na karɓa. A lokacin gani nake ƙaramar magana ce.

To ranar Alhamis ɗin, da hantsi, sai ga motar tana tahowa a hankali, Alhaji da kansa a sitiyari. Shi akori-kurarsa ya saba ja, wannan kuwa kamar ƙwai ya ɗauko. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya ce gobe Juma'a zai je Bagwai da 'yan'uwansa nema wa Nura aure, gidan wani babban mutum ne, kuma a motar yaron za su je don a san wanda ake nema wa.

"Garba, so nake in ta tsaya a ƙofar gidan nan, mutum ya ga fuskarsa a jikinta."

Na ce, "In sha Allahu, ranka ya daɗe."

Ya miƙo min makulli ya tafi rumbu.

Da na zagaya motar sai na ga aikin da ke gabana. Duk daminar nan a gindin darbejiya aka bar ta, ba rufi. Kashin tsuntsaye ya bushe a kan layukan fari fat, ga ɗigon itace ya daskare, ga jar lakar hanyar gidansu ta fantsamo har rufi. Bukar, da yake tsokanata da suna Injiniya, ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Injiniya, yau kam ka samu. Wannan ai sai fartanya."

Na tura ta ƙarƙashin rumfa, don ba a wanke irin wannan leda a rana ko bonet da zafi. Ruwa zai bushe kafin ka goge, ya bar tabo, ruwan bohol kuma yana da kanwa-kanwa. Na jira ƙarfen ya huce. Na kunna injin feshi na ja da baya sosai, na riƙa sauke ruwan daga sama kai tsaye. In ka matsa kusa ko ka karkata bakin injin ya doki gefen ledar, ruwa zai shiga ƙarƙashi ya ɗaga ta. Laka ta sauka. Kashin tsuntsu ko gezau.

Nan wahalar ta fara. A fenti, da soso zan dirje in wuce. A nan ba dama. Na karɓo ruwan ɗumi wajen mai shayi, na zuba sabulun Nura, na jiƙa tawul na ɗora a kan tabo, in bar shi ya jiƙa, in ɗaga, in dangwala a hankali. Wanda ya saki ya saki, wanda ya ƙi in sake ɗorawa. Bokiti biyu na ajiye, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, don kada yashin da tawul ya kwaso ya koma ya karce ledar. Na rufi kuwa sai da na hau benci na miƙe a kan cikina kamar mai gyaran jinka. Motoci suka zo suka tarar ina kai, suka gaji da jira suka wuce gaba. Wani mai Adaidaita Sahu da na saba da shi ya ce, "Garba, mota kake wankewa ko jinya kake yi?" Na ci gaba da aikina.

Bayan azahar layukan suka fito tas. Na bi su da busasshen tawul ina dannawa ina ɗagawa, ba gogewa. Sannan na kawo salatif na takarda na bi gefensu na rufe, don kada folish ɗin da zan sa wa farin fenti ya taɓa su. Na shafa wa fentin, na goge har kafaɗata ta yi tsami. Taya ta sha nata man. Gilashi kamar babu shi. Wallahi ni kaina da na ja baya na kalle ta sai da ta burge ni, farin yana walƙiya, baƙin ya kwanta a tsakiya.

Da la'asar Alhaji ya dawo. Ya zagaya, ya shafa ƙofa, ya gyaɗa kai. Da ya zo bonet sai ya tsaya.

"Wannan fa? Ba ka gama ba?"

"Na gama, ranka ya daɗe. Haka yake. Ba ya ƙyalli."

"Kamar ya ba ya ƙyalli? Ka sa masa mai mana."

Na yi masa bayani iya yadda zan iya. Na ce Nura ne ya hana, kuma haka ya saye shi.

Ya ce, "Nura yaro ne, 'yan birni sun cuce shi sun liƙa masa abin da ya koɗe. Garba, ka dube shi da kyau. Wannan ai kamar motar da aka ɗauko daga wajen mai gyaran jiki ba a gama feshi ba. In na faka ta a Bagwai, me za a ce? A ce yaron ya yi hatsari an yi masa faci? Ko a ce tsohuwa ya saya? Mutanen nan ba su san shi ba, motar za su fara gani."

Ku sani, ban ga wautarsa ba. Maganarsa gaskiya ce a idon mutanenmu. Ni ma ranar farko haka na gani. Kuma ba don kansa yake yi ba, mutuncin ɗansa yake karewa.

Na ce a kira Nura. Alhaji ya kira, a kashe. Na kira da tawa, a kashe. Bukar ma ya gwada, wai wayarsa ta fi jan layi. Duk ɗaya.

Sai dabara ta zo min. Na tuna akwai ragowar ledar a naɗe a cikin but. Na ce bari in nuna masa da ido. Na yanko kaɗan, na shimfiɗa a benci, na lakato folish na shafa wa rabi na goge. Nufina ya ga yadda take ɓaci. Wurin kuwa ya yi wani maiƙo, yana sheƙi kamar bayan kaskon suya.

Alhaji ya ɗaga ta ya kalla a rana, fuskarsa ta washe.

"Yawwa! Ka gani? Ashe tana yi! To me kake ta ja min rai? Haka nake so."

Bukar ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Injiniya, ka kai kanka ƙara ka kuma ba da shaida."

Na ce, "Alhaji, yau ne take haka. Ƙura na hawa za ta yi dabbare-dabbare, kuma ba ta komawa yadda take har abada."

Ya ce, "Ni gobe kawai nake buƙata. In ya dawo ni zan yi masa magana. Ba ni na haife shi ba?"

"Kai ka haife shi, ranka ya daɗe. Amma ni ya ba wa amana."

Sai fuskarsa ta canza. Mutane sun fara taruwa, masu shan shayi da masu jiran mota sun juyo. Ya ce a hankali, "Garba, a filin wa kake tsaye?"

"Naka."

"Ruwan wa ka wanke ta da shi?"

"Naka, Alhaji."

"To ka sa mata."

Na tsuguna a gabansa. Na ce ya yi min rai, ya sa ni kowane aiki, ko rumbunansa ne in share, ko in bi su Bagwai in tsaya a jikin motar duk wanda ya tambaya in yi masa bayani. Amma wannan hannuna ba zai yi ba. Ina faɗa ina sane cewa abincina nake taɓawa. Gero bai nuna ba, gida ba hatsi sai na awo, kuma duk titin nan ba wani famfo da zan samu.

Alhaji ya sunkuya ya ɗauki tsumman da na yi gwaji da shi, ya lakato folish da kansa, ya nufi bonet.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na miƙe na riga shi, na shimfiɗa tafin hannuna a kan layin. Tsumman ya sauka a bayan hannuna.

Bukar ya daina dariya. A garinmu ba a tare hannun dattijo, balle a bainar jama'a, balle wanda kake ci a inuwarsa. Na sani, shi ma ya san na sani. Muka tsaya haka, hannunsa a kan nawa, ina kallon ƙasa. Ina jin sanyin man yana bin yatsuna, ni kuwa tsorona kada ya ɗiga a kan ledar.

Ya janye hannunsa. Ya yar da tsumman.

"Ba ni makullina."

Na goge hannu a wandona, na ɓare salatif ɗin da ke gefen layukan a hankali, don ba a barinsa ya kwana, sannan na miƙa masa makullin da hannu biyu.

"Ka kwashe kayanka daga filina. Kada in wayi gari in gan su."

Ya wuce ɗakin injin bohol da kansa ya kashe, ya datse kwaɗo, ya shiga motar ya tafi.

Bukar ya zo ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Leda fa! Ledar da ba taka ba. Yanzu in ya kai ta wajen masu wanki a Ungogo wani ya shafa mata, me ka ci?"

Na ce, "In wani ya shafa, hannunsa ne."

"To ka bi shi gida bayan magariba ka ba shi haƙuri. Zai huce."

Na ce haƙuri na ba shi, zan kuma ƙara ba shi, don tare hannunsa da na yi ba daidai ba ne a tarbiyyarmu. Amma in na je yau, abin da zai ce shi ne ga mota can, je ka sa mata. Kuma amsata ba ta canza ba. Bukar ya girgiza kai ya ce taurin kaina ya fi na tayar tirela. Duk da haka shi ya taya ni kife durona, muka tattara injin da bokitai muka ajiye a rumfarsa.

Ga abin da nake so sababbi su ɗauka. Yanzu motoci suna zuwa da abubuwan da iyayen gidanmu ba su gani ba. Ba komai ne ake so ya yi ƙyalli ba. Kafin ka ɗora tsumma a kan abin da ba ka sani ba, ka tambayi mai shi. In ka ga baƙi ko toka marar sheƙi, ka ajiye folish da buroshi da fetur, ka nemi inuwa da ruwa mai tsabta da tawul mai laushi, ka kuma tanadi haƙuri, don shi ya fi ƙarewa da wuri. Sannan ku san cewa mai kawo mota da mai mota ba kullum ne mutum ɗaya ba. Wani lokaci wanda ke tsaye a kanka yana ba ka umarni ya fi mai motar girma, ya fi shi iko da kai, kuma yana da hujjarsa. Ba zan ce muku ku yi yadda na yi ba, don ni na san abin da ya ci min, kuma filin nan ban koma cikinsa ba har yau. Amma kada ka ce wa mutum ka karɓi amana in ba ka shirya ranar da za a tambaye ka ita ba. Gara tun farko ka ce ba za ka iya ba.

Washegari na yi asuba a masallacinmu, sahu ɗaya da Alhaji. Da aka sallame na je na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, na ce ya yafe min abin jiya. Ya amsa gaisuwar a taƙaice, bai ce komai a kan sauran ba. Daga nan na wuce gidan ƙanina na aro amalanke da shanu. Na ɗora duro da inji da benci na kai su can gaba, wajen kwalbati, gefen gonar surukina inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Na yi magana da masu tura kurar ruwa su riƙa kawo min ruwa a jarka daga rijiyar cikin gari. Na ɗauki fartanya na fara haƙa hanyar da ruwan wanki zai bi ya faɗa kwalbati, don kada ya shiga wa mutane dawa.

Ina cikin haƙa, rana ta ɗan ɗaga, sai ga farar motar ta taho za su Bagwai, cike da dattawa da manyan riguna. Na miƙe na dafa ƙotar fartanya na zuba wa bonet ido. Layukan suna nan baƙi ƙirin, ba sheƙi ko ɗigo. Ban san dalili ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na ɗaga hannu. Alhaji yana gaba, idonsa a kan titi, bai juyo ba.

Na tofa yawu a tafin hannu na ci gaba da haƙa. Kafin in kai bakin kwalbati, wata akori-kura da ta kwaso taki daga ƙauye ta tsaya, laka har gilashi. Direban ya leƙo ya ce, "Malam, nan ana wanki?"

Na ce, "Ana yi. Gyara fakin."